Ranar da Motata Ta Tsaya da Gawar Yayana

Abubuwa da yawa sun fice min daga kai tun da na ajiye alli na bar koyarwa, har fuskokin ɗaliban da suka fi ba ni ciwon kai na manta. Amma ranar da motata ta tsaya a kan tudu da gawar yayana a bayanta, wannan kam ko na tsufa na rikice ba za ta bar ni ba.

Bari in fara daga motar. Da na yi ritaya sai na koma noman citta gadan-gadan a ƙauyenmu da ke bayan Fadan Kagoma. Masu motocin haya suka yi ta ja min rai wajen kai buhuna kasuwar Kafanchan, na ce to, ni ma zan sayi tawa in huta. Na samu wata a-kori-kura ta hannu, mai shan dizal, wadda wani ɗan kwangila ya yi shekaru yana ɗibar bulo da ita, sannan ya jingine ta a bayan gidansa har damina biyu. Jikinta duk ya kwarzane, amma in aka tayar da ita ƙarar injin kaɗai ta isa ta sa mutum ya ji shi ma wani ne. Ban taɓa riƙe mota mai dizal ba. Ɗan abin da na sani na mota mai fetur ne, shi ma bai taka kara ya karya ba.

Na kai ta wajen wani dattijon bakanike a Kafanchan, gajere mai furfura, wanda ba ya wasa da maganar inji. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito, ya buɗe nan ya sunsuna can, sannan ya goge hannu ya ce, “Tisha, injin shi lafiya lau. Amma kafin ka ɗora masa ko buhu ɗaya, a sauke tanki a wanke. Mota da ya zauna haka, ruwa yana taruwa a ciki da tsatsa. A canza filta na mai, a canza baƙin mai, a duba bel da birki. Dizal ba fetur ba ne fa, ba ya shiri da ruwa sam.”

Don in yi wa kaina adalci, na yi wasu. An canza baƙin mai, an gyara birki, na sa tayoyi biyu sababbi. Wankin tanki ne ya ce zai ci kwana biyu, ni kuwa na riga na gaya wa Rabaran, limamin cocinmu, cewa ranar Lahadi zan kawo mota coci a sa mata albarka, kuma ba zan kai abu mai kama da kejin kaji gaban ikilisiya ba. Sai na kwashe kwana biyun nan na ba mai fenti. Ta fito fara tas, da rubutun godiya ga Ubangiji a ƙofar baya. Ranar Lahadi aka yi addu'a, matan ƙungiyar zumunta ta coci suka yi guɗa, ni kuma ina ta washe baki. Bayan kwanaki kaɗan wata 'yar fitila ta fara kamawa a gaban sitiyari. Na kira bakanike, ya ce alamar ruwa ce a filta, in kawo ta maza. Na ce mako mai zuwa. Fitilar ta dame ni a ido, sai na ɗauko wata sitika ta taron zumuntar maza na manna a kanta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara kimiyya ke nan.

Makon nan mai zuwa bai zo ba har yayana ya rasu.

Shekara biyu ya yi a kwance bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Matarsa ce ta yi jinyarsa. 'Yar wajen Zonkwa ce, ba yarenmu ɗaya ba, mace mai ƙarancin magana. Ni “matarmu” nake kiranta yadda ƙannen miji ke yi, ita kuma ta ce min “Malam”. Ita ce ta nace a ɗauke shi daga ƙauye a kama ɗaki a Kafanchan kusa da asibiti, ta riƙa ɗaga shi, tana wanke shi, tana ba shi abinci a baki. Dangi ba su ji daɗin wannan ƙaura ba. Ana ta ƙananan maganganu, wai ta raba shi da gida, wai ta hana a gwada maganin gargajiya. Babban mai wannan ƙorafi shi ne Baba, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne ya rage babba a gidan, kuma yana son yayana tsakani da Allah.

Da aka zo shirin jana'iza, wasu suka ce a ɗauko motar asibiti. Na ce ina! Ɗan'uwana ba zai koma gida a motar haya ba ina da tawa. Akwai ƙauna a cikin maganar, ba na musu, amma yanzu da na tsufa na san akwai son a gani ma.

Da safe muka ɗauko shi daga ɗakin ajiye gawa. Akwatin na baya, samari huɗu suna riƙe da shi, Baba yana gaba kusa da ni. Bayanmu bas ce cike da matan zumunta suna waƙa, matar yayana na cikinsu, sai 'yan babura. Rabaran da dattawan coci sun riga mu wucewa ƙauye don su jira a bakin kabari. Damina ce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. A kan kwalta mota ta yi ta tafiya sumul. Da muka sauka hanyar ƙauye, ramuka suka yi ta jijjiga ta, duk dattin da ya kwanta a gindin tanki ya tashi. Muna haye 'yar gada muka kama tudu, sai ta fara fizga, ta yi tari biyu, ta fitar da farin hayaƙi, ta yi shiru.

Na murɗa makulli, ta yi ta kuka ba ta kama ba. Samari suka dira suka sa duwatsu a bayan taya. Turi ba zai yiwu ba a kan tudu da akwati a baya. Na koma gefe na kira bakanike. Ya ce ga shi nan zuwa a kan babur, sannan ya ce, “Tisha, ka wanke tankin nan kuwa?” Na ce ba na jin sa sosai, na kashe waya.

Waƙa ta yi ta raguwa har ta tsaya. Wasu matan Fulani da suka taho da ƙwaryar nono suka ratse gefe suka tsaya shiru don girmama gawa. Mu Kirista ne tun kakanni, amma akwai abin da ya rage a zukatan mutanenmu: in motar gawa ta tsaya a hanya ba dalili, sai a ce mamacin ne ya ƙi tafiya, yana da damuwa da wani. Baba ya sauko a hankali, ya zagaya baya, ya ƙwanƙwasa akwatin, ya yi magana da yarenmu. Ya ce, “Ɗana, gida muke kai ka. Me ya tsayar da kai? Wa ya ɓata maka?” Ya sa na sake murɗa makulli. Ba ta tashi ba.

Sai wata gwaggonmu ta ce da ƙarfi, da Hausa don kowa ya ji, “Ai ya san wanda ya fitar da shi daga gida. Bari mutumin ya zo ya roƙe shi, mu tafi kafin ruwa.”

Ba wanda ya ambaci suna, amma idanu duka suka juya wuri ɗaya. Na san abin da wannan roƙo yake nufi. Matar da ta durƙusa gaban akwatin mijinta a bainar jama'a ta roƙi gafara, kuma mota ta tashi bayan haka, ta amsa laifi ke nan har abada. Ba za a kore ta da baki ba, amma ba mai sake cin abincinta a gidan, kuma 'ya'yanta za su girma ana nuna su da baki. Na san wannan sarai. Na kuma san abin da ya tsayar da motar. Amma ina tsaye a gaban inji, hannuna a kan batir, ina taɓa wayoyi kamar mai neman wani abu. Kunyar in ce ni ne, gaban mutanen da suka yi min guɗa makonni kaɗan da suka wuce, ita ta ɗaure min harshe. Na yi ta gaya wa kaina cewa bakanike zai iso kafin abin ya yi nisa.

Abin ya yi nisa. Baba ya ce, “'Yata, zo ki yi masa magana.” Ta sauko daga bas, ta dubi jama'a, ta dube ni. Ta cire takalmanta, ta taka cikin taɓo da farin zanen makoki, ta durƙusa, ta dafa ƙofar bayan motar. Ba ta yi kuka ba. 'Ya'yanta ne suka fashe da kuka a cikin bas.

Tana durƙushe bakanike ya iso. Ya dubi taron, ya gane. Ya sunkuya ya kwance wani ɗan noti a gindin filta, sai ga ruwa ja-ja-ja yana zuba a tafin hannunsa. Ya matso kusa da kunnena ya ce, “Tisha, minti goma zai tashi. In gyara shiru ne, ko yaya?”

Rufa min asiri yake so ya yi, bawan Allah. Amma maganarsa ce ta farkar da ni. In motar nan ta tashi yanzu, matar nan tana kan gwiwa, an gama da ita, kuma ni na gama da ita. Na ce masa, “Dakata. Kada ka taɓa makulli.” Na ɗauko wata robar ruwa da babu komai ciki, na tara, ta yi kusan rabi: ruwan tsatsa a ƙasa, ɗan dizal yana yawo a sama. Na zagaya baya.

Na ce, “Baba, ku saurare ni. Yaya bai ƙi tafiya ba. Ga abin da ya tsayar da mu. Mutumin nan ya ce in wanke tanki tun ranar da na sayi mota, na ƙi, na je na yi fenti. Fitila ta yi min gargaɗi, na rufe ta da takarda. Laifina ne, ba na kowa ba.” Na kama hannun Baba na kai shi gaban sitiyari, na ɓare sitikar, na ɗan murɗa makulli, fitilar ta kama ta ƙi mutuwa.

Baba ya karɓi robar, ya ɗaga ta sama, ya sunsuna. Ya dube ni. Ya ce, “Ka san haka tun ɗazu?” Na ce na sani. Ya ce, “Ka bar ni na sa ta a ƙasa?” Ya miƙo min robar. Tsohon nan ya tafi da kansa, ya sunkuya da ƙyar, ya kama hannunta ya ce, “Tashi, 'yata. Tashi kafin a tayar da mota, kowa ya gani.” Gwaggo ta yi wani ƙunƙuni, amma ba wanda ya tanka mata.

Sai da ta koma bas ta zauna sannan bakanike ya tsiyaye ruwan, ya wanke filta, ya yi ta danna ɗan famfon hannu har iska ta fita daga bututun mai. Murɗawa ta uku ta kama. Muka binne yayana, ana rufe kabari yayyafi ya soma.

Bayan kwana uku, da baƙi suka ragu, na same ta a bayan gida tana wanke tukwanen makoki. Na tsuguna na ce, “Matarmu, ki yafe min.”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, shekara biyu ina juya mutumin nan a kan gado. Na san ba ya fushi da ni. Ba shi na durƙusa wa ba.”

Na ce, “To me ya sa kika durƙusa?”

Ta ce, “Na ga fuskarka tun da ka gama waya. Na san ka san wani abu. Kai nake jira.” Ta ɗauraye tukunya ta kife, sannan ta ce, “Ka daɗe, amma ka zo. Na yafe.”

Gara a ce ta zage ni. Na tashi na shiga gonar citta na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

A makon aka sauke tankin, abin da ya fito ciki ya fi kama da kunun tsamiya. Bakanike ya ƙara min wata filta mai raba ruwa da mai, ya canza bel da bututai, ya koya min yadda zan riƙa tsiyaye ruwan da kaina da yadda ake cire iska. Har yau motar tana kai citta Kafanchan, kuma ba ta sake tsayar da ni ba. Matar yayana tana nan a gidan, ita ke riƙe da makullin rumbu.

Abin da na koya ba na mota kaɗai ba ne. Gyaran da ka ɗage don ba a ganinsa, ba lallai kai zai faɗa wa ba, yakan sauka ne a kan wanda bai ji ba bai gani ba. In kuwa ya sauka, ka buɗe baki nan take ka ce naka ne. Ni na yi jinkirin da bai kai sa'a guda ba, kuma a cikinsa ne matar da ta fi kowa wahala da ɗan'uwana ta sa gwiwa a taɓo.