Ruwan Dogon Yaro

Jiya na buɗe durom ɗin da na jiƙa ganyen dogon yaro. Warin ya buge ni, sai na tuna Baba, dattijon da ya koya mini noman lambu a Fadaman Mada.

Duk Asabar yakan zaga lambunanmu. Sai ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya shinshina, ya ce, "Me ka yi mata? Faɗa mini in kai wa na gaba."

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatirin kowa, nawa ya tsira, don ina fesa masa ruwan ganyen nan da barkono. Baba ya zo, ya shafa tumatirin, ya kai yatsa hanci.

"Ɗana, me ka yi masa?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Sa'a ce."

So nake in kai kaya kasuwar Muda Lawal ni kaɗai. Ya ji warin, ya san ƙarya nake. Ya goge hannu a riga, ya ce, "Allah ya ƙara."

Nasa tumatirin ya lalace tas. Kafin wani rani ya rasu.

Yanzu ko ba a tambaye ni ba ina faɗa wa kowa sirrin ruwan nan. Allah ya jiƙan Baba, ya kai masa ladan. Nasa ne.