Na Hana Shi Shuka, Ya Yi Daɓe

Har gobe ba zan manta da Larabar da sakamakon gwajin ƙasa ya iso ofishinmu na Safana ba. Lokacin ina malamin gona mai mataki na takwas, ni ke kula da fadamun yankin Runka.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan muna zargin ƙasa mukan haƙa wurare da dama a gonar, mu ɗebi kaɗan-kaɗan a leda, mu rubuta sunan mai gona, a aika ɗakin gwaji. Sai kuma jira, abin da ni ban iya ba ko kaɗan.

Fadamar Baba Iro na zarga, wani dattijo mai noman albasa da latas. Can sama da fadamarsa akwai masu niƙa duwatsun zinariya suna wanke garin a rafi, ambaliya kuma ta kwaso lakar ta shimfiɗa masa. Da na ɗebi ƙasar bayan damina, na ce kada ya shuka komai sai ya ji daga gare ni. Ban faɗa masa dalili ba, don kada in tayar da hankalin gari kan abin da ban tabbatar ba.

Wata uku shiru. Ranar nan shugabar sashenmu ta miƙo mini takardar, ta ce gubar dalma ce, mai yawa kuwa, amma an yi sa'a tunda na hana shuka. Kaina ya kumbura, na kira dattijon in ba shi labari.

Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ai na bi maganarka, malam, ko ƙwaya ɗaya ban sa ba. Da na ga lakar na zaune a banza, sai na sa jakkai suka kwaso ta. Mun yi daɓen tsakar gida da ɗakin yara, mun yaɓe rumbu. In ka ga laushinta sai ka yi sha'awa."

Dalma ba sai a abinci take shiga jiki ba, yaro ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki ya isa. Kuma na san yana da jikoki biyu masu rarrafe. Ina buɗe baki layi ya yanke. Na yi ta kira, ba sabis.

Shugaba ta ce hanyar Runka ba ta biyuwa ranar, an ga 'yan bindiga, in jira gobe. Na zauna, na tashi, na je tasha, na dawo, na sake komawa. Duk ɗan acaɓan da na roƙa sai ya girgiza kai. Sai washegari da hantsi na isa, a bayan a-kori-kura.

Da aka yi mini iso, na tarar da ƙaramar jikar Baba Iro a kan sabon daɓen tana tsintar ƙosai a ƙasa. Na sure ta tun ba mu gama gaisawa ba. Aka kwashe yaran zuwa gidan ƙaninsa, daga can asibiti, aka duba jininsu. Yarinyar ta daɗe tana shan magani.

Baba Iro bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Yana tsaye da diga yana fasa daɓen da ya yi da hannunsa, ya ce, "Ce mani ka yi kar in shuka, ɗana. Ba ka ce ƙasar ce ba ta da lafiya ba."

Mu a ofis, ƙasa wurin shuka ce kawai. Mutumin ƙauye da ita yake gini, a kanta 'ya'yansa ke kwana. Ku da kuka shigo aikin yanzu, in za ku hana manomi abu, ku gaya masa dalili. Ni na riƙe nawa a ciki, yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba ta sha wahalarsa.