Mun Ɗauka Kana Gidan Wani, Baba Mai Aski

Da safiyar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, ina zaune a ofishin coci ina shirya wa'azin Lahadi, sai wayata ta yi ƙara. Auta ce, 'yarka, Baba Mai Aski, wadda ke koyar da yara a ɗakin da ke bayan majami'a. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Fasto, Baba ya rasu ɗazu." Na tambaye ta ko hatsari ne, domin a sanina lafiyarka ƙalau. Ta ce, "Ya fi wata yana kwance."

Baba Mai Aski, mun raka ka, mun dawo, an kwashe kujerun makoki daga ƙofar gidanka, amma maganar nan ba ta bar kunnena ba. Ni ne makiyayin ikilisiyar nan, kuma ka yi jinya har ka tafi ban sani ba. A bakin kabarinka Auta ta gaya mini, ba tare da ɗaga murya ba, cewa ta bari mun yi maka jana'iza ne don ta san haka za ka so, amma ita daga ranar ta gama da mu. Ina rubuta wannan da kunya, ina kuma tsoron kada mu rasa ku biyu a wata ɗaya.

Wanda bai san ka ba zai yi mamakin yadda dattijo kamarka zai ɓace daga sujada ba a lura ba. Dalilin yana cikin alherinka ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Tun kafin a turo ni nan, matarka ta yi shekaru a kwance, kai da hannunka ka yi jinyarta. Ka taɓa gaya mini cewa a shekarun nan kana jin ƙararrawar coci daga ɗaki kowace Lahadi, kana riƙe da cokali a bakin gado. Mutane sun yi ta kawo gaisuwa, wasu da ɗan abin hannu, amma ba wanda ya taɓa cewa, tashi ka je ka yi sujada, ni zan zauna da ita. Da ta rasu, sai ka ɗauki wannan ya zama aikinka. Ranar Lahadi shagonka a rufe yake. Kana sa kayan askinka a jaka, da tawul da ɗan madubi, ka nufi gidan da ake jinya. Ka sallami matar gida ko ɗan da ke tsaron mara lafiya, ka ce su yi wanka su tafi coci, kai ka zauna. Kafin su dawo ka yi wa mutum aski, ka gyara masa gemu, ka yanke masa farce, kun sha hira.

A farkon zuwana, da zafin sabon fasto, na kira ka ofis na yi maka faɗa a kan rashin zuwa sujada. Ka saurare ni har na gama, kana murmushi. Sai ka ce, "Fasto, kai ka yi wa'azinka, ni kuma in sako maka mutum ɗaya ya zo ya ji. Amma don Allah kada ka rage tsawonsa. Da tsawon wa'azin nan naka nake samun gama aski har da farce." Na yi dariya. Daga ranar ban ƙara tambayar inda kake ba, kuma a lokacin gani nake girmamawa ce.

Ina tuna tsohon direban nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Mutum ne mai zuciya, ba ya son a gan shi a haka. Dattawan ikilisiya sun je ya juya musu baya, ni ma na je da addu'ata ya rufe ido kamar mai barci. Kai da ka shiga, ba ka ce masa sannu da jiki ba. Ka dube shi ka ce wannan sumar ko a tasha ba za a ba shi mota da ita ba. Ya zage ka da rabin bakin da ya rage masa, kai kuma ka ɗaura masa tawul. A ranar matarsa ta ci Jibin Ubangiji bayan shekaru ba ta samu ba. Na ga lokacin da ta karɓi gurasar, ta koma wurin zamanta ta sunkuyar da kai har aka tashi.

Haka kuma tsohon kafintan da tunaninsa ya gushe, wanda bai ƙara gane 'ya'yansa ba. Da ya ji ƙarar almakashi sai ya miƙe wuya ya natsu, ya fara ba ka labarin ƙofofin da ya yi wa mutanen da suka daɗe da mutuwa. Kana amsa masa kamar jiya aka kafa su. Surukarsa ta ce a duk mako, safiyar nan kaɗai take jin ita ma mutum ce.

Da muka ga aikin yana da kyau, sai muka so mu mai da shi na ikilisiya, kamar yadda muka saba. Aka kawo shawarar kafa kwamiti. Ka ce, "In kuka kafa kwamiti za a zaɓi shugaba, a zaɓi mataimaki, a sa ranar taro, mara lafiya kuma gemunsa ya kai ƙirji." Aka kwashe da dariya, aka bar maganar. Gaskiyar da ban faɗa ba a lokacin ita ce daɗi muka ji. Ka ɗauke mana nauyi, muka bar maka shi gaba ɗaya. Kai kaɗai ka san gidan da za ka je kowane mako, don haka in ba a gan ka a gefen bencin baya inda kake zama ba, kowa ya san kana gidan wani.

Da ciwo ya kwantar da kai, wannan sanin ne ya rufe mana ido. Matar direba ta ɗauka kana gidan kafinta. Surukar kafinta ta ɗauka an samu sabon mara lafiya da ya fi su bukata, ta ji kunyar tambaya. Mu da ke majami'a muka ga gurbinka babu kowa, hankalinmu kwance. Auta ta roƙi wata ƙawarta ta riƙe mata ajin yara na ɗan lokaci, kuma da yake ajin a baya yake, ba mu saba ganinta a cikin sujada ba balle mu ga babu ita. Mace ɗaya ce ta kira wayarka, tana neman ka zo musu. Auta ta ɗauka ta ce ba ka jin daɗi. Matar ta ce Allah ya sawwaƙe, in ka samu sauƙi a ce suna jiranka. Ba na ganin laifinta fiye da nawa. Ni na bi ta gaban shagonka a tsakiyar mako, sumata ta taru, na ga kwaɗo a ƙofa. Na tsaya na ɗan duba, na ce wataƙila ka fita sayayya, na wuce wani shago aka yi mini aski.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Lahadin ƙarshe kafin rasuwarka. Wa'azina a kan hidima ne. Da na zo tsakiya, zuciyata ta cika, na nuna bencin baya da hannu na ce, "Ku dubi wurin Baba Mai Aski. Yau ma babu kowa. Wannan gurbin ya fi duk abin da zan faɗa muku." Jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi, wasu har da tafi. Na sauka daga bagade ina jin na yi wa'azi mai kyau. A daidai lokacin kana kwance a bayan titi biyu daga inda nake tsaye, numfashi yana yi maka wuya, 'yarka ita kaɗai tana juya ka.

Labarin ya kai gidan. Wata maƙwabciya da ta halarci sujadar ta tsaya a ƙofa ta gaya wa Auta yadda aka yabe ka, ta wuce ba ta shiga ba, don ita ma a zatonta ba ka nan. Auta ta ce ta shiga ɗaki ta faɗa maka cikin fushi. Kai kuwa ka yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce, "Ki bar Fasto, bai sani ba." Tun farkon ciwon kai ka hana ta sanar da mu, ka ce mutane suna da nasu marasa lafiya. Ta bi maganarka, amma ta ce a ranta tana jira ta ga ko mutum ɗaya zai ƙwanƙwasa ƙofa don kansa.

Da na shiga ɗakinka ranar Alhamis ɗin, ban gane ka nan take ba. Tunda na san ka ban taɓa ganin gashi a haɓarka ba, sai ga farin gemu ya rufe maka fuska, suma ta sauko kan kunne. Auta ta ce hannunka ne ya fara rawa, ka daina iya riƙe reza. Ta gwada yi maka sau ɗaya ta yanke ka a kumatu, ta ajiye tana kuka, kai kana ba ta haƙuri. Na tsaya a bakin gadon nan ina kallon gemun.

Ga ikilisiya ina da magana ɗaya, kuma da kaina na fara. Mun iya yabon masu hidima. Muna kiran sunansu a bagade, muna tafa musu, muna ba yaranmu misali da su. Yabon ya zame mana hanyar sallamar mutum, da zarar mun ce wane gwarzo ne, mun daina tunanin yana da jiki. Ba wanda ya ƙi Baba a cikinmu, kowa yana ƙaunarsa, kuma cikin wannan ƙaunar ya mutu da mutum ɗaya a gefensa. Akwai wasu irinsa a tsakaninmu yanzu haka, masu shara, masu dafa wa gidan makoki, masu raka mutane asibiti. Ina roƙonku, in ba ku ga ɗayansu ba, kada ku yi masa kyakkyawan zato daga nesa. Ku taka ku je.

Lahadin da ta wuce na bar wa ɗaya daga cikin dattawa wa'azi. Ana buga ƙararrawa na nufi gidanka, ni kaɗai, ba tare da tawaga ba. Ashe haka ake jin ƙararrawar nan daga ƙofarka, sarai kamar a tsakar gida. Na ƙwanƙwasa. Auta ta buɗe, ta dube ni, ta dubi bayana ta ga babu kowa. Ta ce, "Fasto, yau ba Lahadi ba ce?" Na ce Lahadi ce. Ta ce, "To ai yanzu ba ni da mara lafiya. Wa ka zo ka zauna da shi?"

Na ce mata na makara, kuma ban zo neman ta dawo ba. Ta daɗe tana riƙe da ƙofar. Daga baya ta sake ta ta koma ciki, ba ta ce in shigo ba, ba ta kuma rufe ba. Na zauna a kan dakalin ƙofa har aka tashi daga sujada. Ba ta fito ba. Mako mai zuwa zan koma, in Ubangiji ya yarda, kuma ban san ko zan tarar da ƙofar a buɗe ba.

Ubangiji Yesu, wanda ka yi wa hidima a ɗakunan da ba wanda ke gani, ya karɓe ka da jinƙai, ya ba ka hutun da mu ba mu ba ka ba. Ya ta'azantar da 'yan'uwanka da jikokinka, da gidajen da yanzu ba su da mai ce musu tashi ku tafi coci. Ke kuma Auta, ina miƙa miki ta'aziyyata da ta ikilisiya duka, in za ki karɓa. Allah ya share miki hawaye, ya saka miki da jinyar da kika yi ke kaɗai. Mahaifinki ya ce a bar ni don ban sani ba. Ke ba dole ki faɗi haka ba, 'yata, domin aikina ne in sani.