Sabon Jirgi, Tsohon Hannu

Duk wanda ya taɓa dira da lema a filin ciyawar da ke bayan garinmu, a yammacin Jutland, Preben Dalgaard ne ya kai shi sama. Sana'arsa ta asali tuƙin tankar madara ce, daga wannan gona zuwa waccan, har ya yi ritaya. Amma kowace Asabar da Lahadi, tun yana da baƙin gashi, shi ne matuƙin jirgin saman ƙungiyar masu dira da lema. Ba a biyansa ko krone guda, kuma shi bai taɓa dira ba. Yakan ce bai ga abin da zai sa mai hankali ya bar lafiyayyen jirgi ya faɗa cikin iska ba.

Mutum ne mai girman kai a ɓoye, irin wanda idan an yabe shi sai ya dubi takalminsa, alhali yabon ya shige shi har ƙashi. Matarsa Gudrun ta daɗe da sallamawa cewa ranakun hutu ba nata ba ne. Takan naɗe masa baƙin burodi da kifin gishiri, ta cika masa fulas da kofi, ta ce ya gaishe mata da jirginsa.

Tsohon jirgin ƙungiyar ɗan ƙarami ne, mutum huɗu yake ɗauka, injinsa irin na mota. Da sanyin safiya sai ya yi ta tari yana gardama, Preben kuwa ya san makamarsa: a ɗan jira, a ɗan ƙara mai, a lallaɓa shi kamar yadda ake lallaɓa tsohuwar saniya ta shiga garke. Shekara talatin da wani abu yana wannan lallami, har hannunsa na dama ya koma yin abin ba tare da ya shawarci kansa ba.

Sai 'yan ƙungiya suka gaji da bin layi. Mogens, likitan haƙori wanda ke shugabantar kwamiti, ya tara su suka haɗa ƙarfi, aka sayo wani jirgi na hannu daga Sweden. Farfela ɗaya gare shi kamar tsohon, amma injinsa irin na manyan jirage ne, kananzir yake sha, kuma yana kwashe mutum fiye da goma a tashi guda. Ranar da ya sauka kowa na shafa fukafukinsa, Preben kuwa ya tsaya daga gefe. Ya san idan bai iya wannan ba, kujerarsa ta tafi, kuma ban da kujerar nan bai san me zai kira kansa ba.

Aka ɗauko Solveig Ravn ta koya masa, wata gajerar mata da ta daɗe tana kai wasiƙu tsibirai da irin wannan jirgi. A sama ba ta sami abin gyara masa ba, domin Preben ya san iskar tekun nan kamar hanyar gidansa. A ƙasa matsalar take, wajen tayar da inji.

"Ka ga allurar nan? Zafin cikin inji take nunawa," in ji ta. "Da ka ba shi mai za ta tashi. Idan ka ga ta doshi jan layi da gudu, ka yanke man nan take. Ba jira, ba lallashi."

"Idan aka ɗan ba shi lokaci ai zai kama."

"Zai kama, dattijo, bayan ya gasa cikinsa. Kuma ba zai gaya maka ba. Zai yi ta ƙara mai daɗi har ranar da kuke sama da mutane, sannan ya tuna maka."

A mako na biyu ta gwada shi. Suna zaune inji a kashe, ta ce ya bi matakan tayarwa, can ta ɗora yatsa a kan allurar ta ce ga ta nan tana gudu. Hannun Preben ya tsaya cak a kan sandar mai yana jira, kamar yadda ya saba. Solveig ta buge masa hannu ta ja sandar da kanta.

Al'adar filin ce duk wanda ya yi wauta ya kawo kek kowa ya ci. Preben ya ci na kowa a tsawon shekarun nan, bai taɓa kawo nasa ba. Gudrun ta gasa masa mai kwakwa da jan sukari, ya ajiye a teburin rumfar jirgi ba tare da ya kalli kowa ba.

"Jama'a ku taho, yau rana ta fito ta yamma," in ji Mogens. "A ɗauki hoto kafin ya ƙare."

"Ci a hankali," in ji Preben. "Idan haƙoranka suka ruɓe, ban san wa za ka kai wa ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma bai ci ba. Daga ranar ya dinga zama a cikin jirgin shi kaɗai yana jan sandar nan baya, har a teburin cin abinci Gudrun takan ga hannunsa na ja da wani abu da babu shi. Kafin bazara ta shigo Solveig ta sa masa hannu a kan cewa ya iya, ta koma tsibiranta.

Asabar ta farko da zai tashi da mutane shi kaɗai, gari ya waye da sanyi, kuma gizagizai na tahowa daga teku. Mutane sun riga sun cika jirgi suna gaggawar a tashi kafin sama ta rufe. Da ya kunna wuta ya ga batir ya ɗan yi sanyi. Abin da ya kamata shi ne ya sa a turo babban batirin da ke cikin rumfa a jona, amma hakan na nufin kowa ya jira, ga Mogens a bakin shinge yana duba agogo. Ya ce a ransa zai isa.

Injin ya juya da nauyi. Ya ba shi mai. Allura ta tashi, ta ci gaba da tashi, ta doshi jan layi ba alamar tsayawa, hannunsa kuwa yana kan sandar bai ja ba. Ɗan jira kaɗan, zai kama. Allurar ta tsallake jan layin, ta yi jim a can, sannan ta sauko a hankali ta zauna inda ya dace. Injin ya kama, yana ƙara mai santsi ba ko tangarɗa.

Babu wanda ya gani. Na baya suna ta ɗaure huluna suna tsokanar juna, kuma jirgin tsohon yayi ne, ba ya ajiye labarin abin da ya faru. Idan ya faɗa, za a buɗe injin, bazara ta tafi a banza, kuma kowa zai ce da ma tsohon bai iya ba. Wataƙila ma ba abin da ya ƙone. Ya saki birki.

Jirgin ya gangara kan ciyawa har bakin titin tashi. A nan Bodil, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a bayansa, ta dafa kafaɗarsa ta ce da ƙarfi don ya ji, "Mijina ya ce ba zai bar ni in hau sabon jirgin nan ba sai da ya ji kai ne a gaba." Preben ya taka birki, ya yanke mai. Farfela ta yi ta juyawa har ta tsaya, jirgin ya yi tsit.

"Ku sauka," ya ce. "Na ƙona shi wajen tayarwa."

Makanikai suka zo daga birni suka kwance injin, jirgin ya zauna a rumfa cikin mafi kyawun makonnin shekara. 'Yan ƙungiya suka koma tuƙa mota zuwa filayen wasu. Ba wanda ya zage shi, mutanenmu ba sa haka, amma a gidan burodi gaisuwa ta gajarce, kuma wannan karon ba wanda ya tambayi kek. Preben ya daina zuwa filin. Ya yi wa shingen gidansa fenti, ya sake yi masa, Gudrun tana kallonsa ta taga tausayinsa na cin ta.

Wata Laraba da hantsi Mogens ya zo gidan da fara'arsa. Gudrun ta zuba musu kofi ta koma bakin murhu.

"Albishir, mutumina. Sun duba ciki da waje, lafiyarsa lau, ko tabo babu. Kwamiti ya zauna, wasu sun yi gunaguni, amma mun ce ka dawo Asabar. Kowa na kuskure da hannu."

Preben ya daɗe yana juya kofin a kan faranti.

"Ba hannun ba ne, Mogens."

"To mene ne? Ka tsayar da jirgi, ka faɗi gaskiya. Wani da shiru zai yi."

"Ai na yi shirun. Ka duba nisan da ke tsakanin rumfa da bakin titi. Na ga allurar da idona, na san abin da take nufi, mutum goma sha ɗaya na bayana, kuma na saki birki. Da Bodil ba ta yi magana ba, ban san inda zan tsaya ba. Har yau ban sani ba."

Gudrun, wadda sai yanzu take jin wannan, ta juyo da tawul a hannu ta tsaya tana kallon mijinta.

"Ku kira Solveig ta samo muku wani matuƙin," in ji Preben. "Ka sha kofinka, zai huce."