Gonar Tsakiya da Ƙwayar Kawu

Shekarar da injinan ban ruwa suka cika fadamarmu ta wajen Kafin Hausa, kowa ya haƙa 'yar rijiya a gonarsa. Ba a daɗe ba muka gane matsalar: in kai da maƙwabcinka kuka tayar da inji rana ɗaya, laka bututun zai yi ta tofarwa. Tattasai kuwa ba ya haƙurin ƙishi fiye da kwana huɗu. Aka ce a raba kwanakin nan huɗu, kada masu iyaka ɗaya su haɗu.

Muka zana gonakin a ƙasa, gindin tsamiya. Dawa, masara, wake, gyaɗa, kowace ƙwaya ranarta. Manya suka fara zaɓa, kamar a rabon komai, kowa yana ɗora ƙwayarsa a kan zanen gonarsa. Ni ne ƙarami, gonata ce kuma a tsakiya, iyaka da mutum biyar. Kafin a zo kaina, kowace ƙwaya tana zaune a gefena.

Na ce wa yayan mahaifiyata, shi ke rabon, "Kawu, ni fa?"

Ya ce, "Kai ranar da aka yi ruwan sama."

Da rani ne. Aka yi dariya. Tattasaina ya riga ya sunkuyar da kai.

Ban ja da zaɓen manya ba, ba a cin wannan. Na roƙa a bar ni in riƙa musanya ƙwaya ɗai-ɗai. In masu karo sun ragu a bari, in sun ƙaru a mayar. Haka muka yi ta yi har saura karo ɗaya, ya ƙi fita. Wani dattijo ya yi nasa zanen a gefe, gonakin gabas a nasa lafiya lau, mu kuma na yamma a namu. Muka haɗa rabinsa da rabinmu. Karo ya koma uku.

Kawu ya ce, "Sannu da gyara, injiniya."

Na ce, "A bar shi ya ɓaci tukuna, Kawu."

Daga ɓacin nan hanya ta buɗe. Biyu suka fita da sauƙi. Na ƙarshen, masarar Kawu ce za ta koma wake, shi da ya fara zaɓa. Ban miƙa hannu ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauke ta da kansa.

"Ni na matsa, ba kai ka matsar da ni ba."

Na ce haka ne.

Washegari injina ya kawo ruwa garai-garai. Kunyoyin bakin iyaka sun riga sun ƙone. Sauran suka miƙe.