Littafin da Gara Ta Cinye Mana

Shekarun baya aka tura ni koyarwa Fakku, can ƙasar Kebbe, jim kaɗan bayan rasuwar mahaifina. Ban san kowa ba, in an tashi makaranta daga ni sai wayata. Mahaifiyata ma tana Jabo ita kaɗai.

Wata rana na kira ta, ta ce abu guda take so: ɗan littafin Hausa da marigayi yake karanta mata bayan la'asar. Gara ta cinye namu, ita kuma ba ta yi boko ba. Na ce, "Inna, zan samo miki." Alhali ko sunansa ban sani ba.

Abokina, akawu a Tambuwal, ya turo mini wani shafin intanet da ake neman littattafan laburare na duniya. Na hau tudun bayan makaranta inda sabis ke kamawa. Da na ga wurin rubutu, wallahi sallama na fara yi. Na gaishe su, na yi bayanin rasuwar, sannan na ce don Allah ina neman littafi mai koren bango. Shafin ya ce babu. Har haushi na ji, ko gaisuwar ba su amsa ba!

Da na ba abokina labari, ya yi dariya har da tari. "Malam, ba mutum a ciki fa. Zaɓi harshen Hausa, ka bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya."

Haka na yi ta yi kullum da yamma. In kira Inna, in karanto sunaye, ta ce a'a. Ran nan ina cikin karantowa ta katse ni: "Tsaya! Shi na!"

Nan take na kai yatsa kan sunan. Na danna, na sake dannawa, ina jiran shafin farko. Ashe suna kawai suke nunawa. Littafin kansa yana wani laburare a ƙasar Turai, kwafi ɗaya tal.

Na gaya mata. Ta ce, "Akwai mai karanta shi can?"

Na duba. Na ce, "An rubuta yana nan a ajiye, ba a hannun kowa yake ba."

Ta ce, "Allah sarki. Ashe shi ma shi kaɗai yake."

Ban cika alkawarin ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Inna ba ta sake tambaya ba. Ni dai nakan buɗe shafin jefi-jefi in duba. Yana nan a ajiye.