Inna Iyatu Mai Turmi Huɗu

Idan aka idar da sallar asuba a Tudun Wada, kafin masu walda na bakin layi su fara damun mutane da ƙarar ƙarfe, akwai wani gida mai jar ƙofa da ake jin dakansa tun daga titi. Gidan Inna Iyatu ne. Tana tashi ta share tsakar gida, ta mirgino turame huɗu ƙarƙashin dogon yaro, ta jera taɓare takwas a jikin bango, ta auna gero, sannan ta zare sakatar ƙofa ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune. Ɗaya bayan ɗaya mata suke shigowa, wata a ƙafa, wata a keke napep, kowacce ta ja hijabi har gira don kada a gane ta. Inna ba ta tambayar kowa abin da ta sha jiya. Tambayarta biyu ce kullum, ko kin yi barci, kuma me kika ci.

Daga nan sai aiki. A yi surfe, a bakace, a wanke, a daka, a tankaɗe, a dafa, a kirɓa. Kafin rana ta yi zafi gumi ya jiƙa kowa. Sai a shimfiɗa tabarma a dama fura da nonon da wata Bafulatana ke kawowa, a kawo kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wata rana wake, wata rana gwanda ko kankana. Lemon kwalba kuwa ba ya tsallake ƙofar gidan nan ko na baƙo ne, domin a cikinsa yawancin matan suka saba zuba maganin tarin nan mai kodin su sha ba wanda ya sani. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan, tun da ta yi ritaya daga aikin jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Ta ce abin da ya ishe ta a can shi ne a sallami mace ta warke, bayan wata uku a dawo da ita, saboda abin da ke jiran ta a gida gado ne da waya da rufaffiyar ƙofa.

Ni Maimunat, ba labari aka ba ni ba. Larurar ƙanwata Hafsat ce ta kai ni gidan, kuma na shiga da izgili, shi ya sa nake ganin ni ya fi kamata in rubuta wannan.

Mu mutanen Ƙofar Atiku ne, 'yan kasuwar atamfa tun kakanni. A gidanmu idan ana son mutum sai a hana shi ɗaga ko tsinke. Da Hafsat ta haifi ɗanta na biyu bai zo da rai ba, ta daina magana, ta daina ci, barci ya ƙaurace mata, sai muka yi abin da muka iya. Mijinta Alhaji Abdulrasheed, mai sayar da hatsi, ya ƙaro 'yan aiki biyu. Ni kuma kullum ina aika farfesun kaza da katan ɗin lemo, ina cewa a bar ta ta huta. Muka kwantar da ita wata bakwai muna jin mun yi zumunci. Ashe wata ƙawarta ta koya mata abin da ke kawo barci, kuma lemon da nake aikawa ne mahaɗinsa. A cikin kwanukan jerenta da ba a taɓa girki da su ba na tarar da kwalabe, na ƙirga har na gaji na zauna a ƙasa.

Abin ya fito fili ranar da barci ya ɗauke ta da hantsi, ɗiyarta Zahra'u mai shekara uku ta fice har bakin titi. Wani mai shayi ne ya riƙo hannunta ya dawo da ita. A ranar uwar mijin Hafsat, Hajiya Jamila, ta zo ta tattara kayan yarinyar ta tafi da ita, ta ce ba za ta dawo ba sai uwar ta dawo hayyacinta. Ban ga laifin Hajiya ba, ko ni ce haka zan yi. Amma na ga fuskar ƙanwata lokacin da aka fita da 'yar, kuma na san idan yarinyar nan ba ta dawo ba, mun rasa Hafsat ke nan.

Muka kai Hafsat asibiti, ta yi sati shida. Da za a sallame ta, wata nas ta kwatanta mana gidan Inna. Na tafi ina tsammanin zan ga kwalaben magani ko allon rubutu, sai na ga turame. Inna ta dubi Hafsat sama da ƙasa, ta riƙe damtsenta kamar mai taya akuya, ta ce da ni, “Ɗiyata, hutu ya yi mata yawa. Shi ka cin ta.” Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, jikar masu atamfa, matar Alhaji guda, ita za ta zo tana surfe a gidan wata kamar 'yar aikatau, alhali ga injin niƙa a kowane lungu? Na ja hannun ƙanwata muka koma gida, na sake kwantar da ita. Kwana goma sha biyu aka yi na tsinci sabuwar kwalba a ƙarƙashin katifa.

Na koma da kunyata. Na shirya jin gori, ban ji ba. Inna ta miƙa wa Hafsat taɓarya, ta miƙo mini wata, ta ce, “Gidanga ba a zaman kallo.” Ni da rabona da daka tun ina 'yar firamare, kafin a gama surfe tafin hannuna ya yi bororo. Matan suka yi ta dariya, wata ta ce hannun Hajiya na ƙirgar yadi ne. Hafsat kuwa ko sau goma ba ta ɗaga taɓaryar ba ta zauna tana haki. Aka kawo fura ta kau da kai. Na fara lallashi irin namu na gida, Inna ta daka mini harara, ta ce in ƙyale ta, yunwa ba a roƙon ta, in jiki ya yi aiki da kanta za ta zo. A kwana na tara ta zo. Ina kallo Hafsat ta shanye kwano guda, ta sa hannu a kwaɗo ba wanda ya ce mata ci. Na shiga bayan ɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Sai daga baya na gane dalilin taɓare takwas a turmi huɗu. Inna ba ta barin mace ta yi daka ita kaɗai. Biyu-biyu take haɗa su, kuma duk wadda ta taɓa dakan mutum biyu ta san dole idonki ya kasance a kan 'yar'uwarki, in kika tafi tunani taɓare su gwabzu. Mai ciwon damuwa kuwa tunanin nan ne gidanta. Aka haɗa Hafsat da Ashatu, matar wani mahauci, mace mai baki kamar rediyo, wadda ta riga ta da wata biyar a gidan. Ita ta koya mata lugude, a wurga taɓarya a tafa a cafe. Kuma dokar gidan ce, idan abokiyar dakanki ba ta zo ba, ke za ki je ki ji dalili.

Ke ce, Inna, kika taka da ƙafarki har Ƙofar Atiku ranar da dokar nan ba ta isa ba. A wata na uku aka yi wani biki, wata ta miƙa wa Hafsat kwalba a ɗakin amarya, ta karɓa. Kwana biyu ba ta zo daka ba, Ashatu ta je, Hafsat ta ƙi buɗe mata. Ke kika zo da gwiwoyinki masu ciwo, kika zauna a bakin ƙofar ɗakin kina jan carbi har ta gaji ta buɗe. Ni na zo da faɗa cike da bakina, kika hana ni. Abin da kika ce mata kawai shi ne, “Tashi mu tahi ga likita. Turmi ba shi gudu.” Ba ki taɓa cewa daka ya maye gurbin asibiti ba. Ke ce mai duba katin kowacce, ki tuna mata ranar ganin likita, ki tambaye ta ko ta sha ƙwayoyin da aka rubuta mata.

A nan zan tona asirin surukina, ya yafe mini. Da Alhaji Abdulrasheed ya ga matarsa ta fara cika ido, tana barci tun bayan isha'i, har tana tsokanar sa, sai godiya ta kama shi. Ya rasa me zai yi wa Inna. Rannan muna tsakiyar kirɓi sai ga mota a ƙofar gida, ƙarti huɗu suna sauke sabon injin niƙa, shi kuma yana baya yana murmushi, wai ya ga bayin Allah suna shan wahala. Ashatu ta fashe da dariya har ta saki taɓarya. Inna ta yafa mayafi ta fita zaure, ta gaishe shi da kyau, ta ce, “Alhaji, na gode ƙwarai. Amma in injinga ya kwana gidanga, ka ruhe min asibiti.” Aka mayar da inji mota. Tun daga lokacin gero yake aikowa, wanda ba a surfa ba.

Duk wannan Zahra'u tana gidan kakarta. Likita ya ba da takardar shaidar Hafsat ta samu sauƙi, Alhaji ya kai, Hajiya Jamila ta ce ita ba ta karatun boko. Hafsat ta fara karaya, ta ce da ni ko ta shekara tana daka ba za a ba ta ɗiyarta ba. Inna ba ta je roƙo ba. Saƙo ta aika cewa ƙofarta a buɗe take kowace safiya, mai son gani ya zo ya gani.

Wata Talata sai ga Hajiya ba sanarwa. Ta zauna a kujerar Inna ta yi kallo kusan awa guda. Aka kawo mata fura ta kurɓa, ta ce, “Wa yad daka hurag ga?” Hafsat ta durƙusa ta ce ita ce. Hajiya ta kamo hannunta ta juya tafin, ta shafa kantar da ta fito a gindin yatsu, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce yaji ya yi kaɗan, ta tashi ta tafi. Na bi bayanta da harara, Allah Ya yafe mini.

Ranar Juma'a da safe direbanta ya yi sallama a gidan Inna, ga Zahra'u riƙe da jakar kayanta. Wata takwas rabon da ta kwana ɗaki ɗaya da uwarta. Ta tsaya a bakin zaure tana kallon matan nan masu gumi, ta rasa wadda za ta nufa, domin uwar da ta sani a kwance take. Hafsat ta ajiye taɓarya ta kira sunanta. Yarinyar ta matso a hankali, ta kama bakin zaninta, ta ce, “Umma, goya ni.” Ta kusa shekara huɗu, ta wuce goyo. Hafsat ta sunkuya ta ɗora ta, ta ɗaure da zanin Ashatu. Direba ya buɗe mota, Hafsat ta ce ya tafi abinsa. A ƙafa ta goya ta daga Tudun Wada har Ƙofar Atiku, ƙafafun yarinyar na reto, ni ina biye da jaka ina haki, ba ta tsaya ta huta ba ko sau ɗaya.

A watan nan Inna ta ajiye taɓarya, gwiwa ta ce ya isa. Hafsat da Ashatu ne ke mirgino turame yanzu, ita tana zaune tana gyara musu. Da izinin Hafsat na rubuta wannan, ta ce in sa sunanta, ta gaji da ɓoyo. Ku da ke da irin wannan mara lafiya a gida, ku kai ta asibiti, in ta dawo ku samo mata aikin da zai sa ta gumi da abokiyar yi, ku ba ta abincin da zai riƙe ta. Tsakar gida da turmi ba su fi ƙarfin kowace unguwa ba.

Inna Iyatu, mai turmi huɗu, uwar waɗanda barci ya guje wa, mun gode. Na shigo gidanki ina raina ki, kika mayar mini da ƙanwata, kika mayar wa Zahra'u da uwarta. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ba ki masu ɗaukar ki ranar da gwiwa ta ƙi gaba ɗaya. In ma ba a samu kowa ba, bayan Hafsat yana nan, mun ga abin da zai iya ɗauka.